Guntun Fitila a Hanyar Durba

Masu sammakon gona ne suka tsinci gawar Inna Tani a gindin wata ɗorawa, gefen kwaltar da ta taso daga Rano zuwa Kibiya, daidai inda ake karyawa a shiga Durba. Mota ce ta kaɗe ta. Wanda ya kaɗe ta kuwa bai tsaya ya ce wa kowa uffan ba.

Kafin a aiko a kira ni, rabin gari ya riga ni zuwa. Ni ne Ishiyaku mai bin sawu. Saniya ta ɓata, ni ake nema. Ɓarawo ya haura katanga, ni ake nema. Amma mutanenmu, Allah ya shirye su, sai sun gama tattake wuri kamar masussuka sannan wani ya ce, af, a kira Ishiyaku. Na iso na tarar da sawun mutum a kan sawun mutum, har da na masu tallan gyaɗa. Raina ya ɓaci tun kafin in durƙusa.

Ba na ganin laifinsu duka. Inna Tani unguwarzoma ce, kuma duk wanda ke tsaye a wurin nan da bai fara furfura ba, ita ta yanke masa cibi. Ita ta karɓi 'yata ta fari. Ranar ma daga wajen haihuwa take, a wata ruga da ke tsallaken titi, ta yi sallar asuba ta kamo hanyar gida da kwandonta a ka. Manyan maza suna share hawaye da hula, ba wanda ya ji kunyar wani.

Mai unguwa Sallau ya jawo ni gefe ya buɗe hannunsa. Guntun fitilar mota ne, bai cika tafin hannu ba, garau kamar ruwan randa.

"A cikin kwandonta aka same shi," in ji shi. "Dubi bakinsa, tsohuwar fitila ce. Dubi fuskar kuma. Mutum ɗaya ne a ƙasar nan yake mayar da tsohuwar fitila haka."

"Uzairu," wani ya faɗa daga baya, sai taron ya ɗauka.

Uzairu mutumin Rano ne da ya daɗe a Legas, ya dawo ya kafa rumfa a bayan tasha. Motocin yanzu, 'yan Kwatano, fitilunsu na roba ne. Rana tana dafa su har su yi rawaya, su yi yana kamar idon tsoho, direba ya riƙa tuƙi da lalube. Uzairu ne ke cire wannan yanar. Aikinsa kowa na so, shi ɗin ne ba a so. Ba ya zaman majalisa, ba ya tsoma baki a siyasa, kuma idan zai yi feshi sai ya ɗaure hanci da baki kamar ɗan fashi, har ake raɗe-raɗin abin da yake fesawa yana bugarwa. Ga shi kuma an gan shi a kan wannan hanya da sassafe, cikin tsohuwar Fijonsa, fitilar dama a fashe.

"Malam Ishiyaku, ba sai ka wahala ba," in ji mai unguwa. "Ka dai tabbatar mana, a wuce wurin."

"Ranka ya daɗe, ni ƙasa nake tambaya, ba taro ba. A ja baya."

Matasa suna cewa sana'ata ta mutu tunda kwalta ba ta riƙe sawu. Ƙarya suke, kwalta tana da gefe. A gindin ɗorawar, inda kwarjinin gawa ya hana mutane matsowa, ƙasa ta ba ni labari. Ga jan dugadugai biyu daga bakin titi zuwa inuwa, ta hammata aka jawo ta. Ga gurbin gwiwoyi biyu sun nutse sosai, mutum ya daɗe a durƙushe. An juyar da ita ta fuskanci alƙibla, an rufe mata fuska da mayafinta, an jera mata takalma. A bakin titi kuma ga sharar yatsu, an tsince fasassun fitilar tas, sai wanda ya faɗa kwando mai tsintar bai gani ba.

"Wanda ya yi wannan ya san ta," na ce, "kuma abin ya dake shi."

"Uzairu ma ai ya san ta," in ji mai unguwa.

"To, sai in ji daga bakinsa."

Ban samu ji ba a ranar. Kafin a dawo daga maƙabarta matasa sun rushe rumfarsa, sun fasa masa baki, da ƙyar 'yan Hisba suka ƙwace shi suka miƙa wa 'yan sanda a Kibiya. Magana ta tsaya a kan cewa da an yi addu'ar uku za a wuce da shi Kano, a gurfanar da shi a kan ran Inna Tani. Matasan kuwa suka rantse in aka kuskura aka sake shi, ba zai sake ganin wata safiya ba.

* * *

Washegari Sajan Ƙasimu, wanda na taɓa gano wa tumakin babarsa, ya bar ni na gan shi. Uzairu yana zaune a ƙasa, leɓe a kumbure, ido ɗaya a rufe. Sajan ya ɗauko guntun fitilar ya miƙa masa. Uzairu ya shafa shi da babban yatsa, ya ɗaga shi wajen taga.

"Aikina ne," in ji shi.

Na ce, "Kai, ka san abin da kake faɗa kuwa? Wannan maganar ce za ta kai ka Kano."

"Baba, ko kabari za ta kai ni, aikina ne. Ba zan yi wa hannuna ƙarya ba don an fasa mini baki. Amma ba daga motata ya fito ba. Fijo fitilarta gilashi ce, ba ta yana, ba ta da buƙata ta. Dutse ne ya fasa ta tun kafin azumi, wata tirela ta watso mini. Wannan kuwa roba ce."

"Ka faɗa musu haka?"

"Na faɗa. Suka ce fitila fitila ce, kuma wa ya sani ko motar wani na ɗauko daga rumfa."

"Me ya kai ka hanyar da sassafe?"

"Harawa na je ɗaukowa a gonar kawuna. Na wuce ɗorawar nan ban ko kalle ta ba."

Na ce ya zayyana mini yadda yake aikin, don ni ba na yarda da abin da ban gane ba. Sai ga mutumin da aka daka jiya ya gyara zama kamar mai shirin wa'azi.

"Wanke ta zan fara yi, in liƙe gefen fentin mota da tef kada in ci shi. Sai sanfefa da ruwa, mai kaushi tukuna, har rawayar nan ta riƙa zubowa kamar koko. Daga nan mai laushi, sai wadda ta fi ta laushi. A nan masu mota suke tayar da hankali, don fitilar takan yi fari fat kamar na kashe ta. Sai in sa man gogewa in bi ta da inji mai soso, ka ga ta buɗe ido. To, a nan 'yan gaggawa suke tsayawa, ba a jima ba rana ta sake cinye ta. Ni sai na fesa mata fenti marar launi ya zame mata riga, ta wuni a inuwa ta bushe. Wannan rigar ce a jikin guntun nan. Ka wanke shi da sabulu daga yau har gobe, ba abin da zai same shi."

"In mutum ya fasa ɗaya, ya sayo ta hannu ya sa fa?"

"Ba za ta yi daidai da 'yar'uwarta ba sai ta biyo ta hannuna. Sai dai ya yi irin dabarar direbobinmu, ya goga makilin ko ya shafa mai. Yini guda tana ƙyalli, gobe ta koma gidan jiya."

Ya sake juya guntun, ya ce lanƙwasarsa ta ƙaramar bas ce, kuma tun bayan salla uku ya yi wa aiki. Ta Alhaji Abubakar Sadiq mai hatsi, da ta Ɗanmalam direba. 

"Ta ukun fa?"

Ya sunkuyar da kai, shi da bai sunkuyar wa masu dukansa ba. "Ta surukinka ce, Baba."

Na ce na ji, na miƙe. Maganar ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan.

* * *

Alhaji Abubakar Sadiq yana neman kansila a lokacin, don haka ƙofar gidansa a Rano ba ta rabuwa da 'yan jagaliya. Bas ɗinsa tana cikin gareji, an lulluɓe ta da tamfol har ƙasa, an ɗaure da igiya, kuma maƙwabta suka ce kwana biyun nan ba a gan ta a titi ba. Zuciyata ta ce, to, ga shi nan. Ba zan ɓoye ba, so na yi a ce shi ne.

"Alhaji, a ɗage mini tamfol ɗin nan."

"Haba Malam Ishiyaku, har da kai? Mota tana hutawa, laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. A ɗage."

Gumi ya karyo masa. Ya kori yaransa waje, ya rufe ƙofa da kansa, sannan ya kwance igiyar. Fitilu biyu suka kalle ni lafiya lau, garau. Jikin motar kuwa tun daga gaba har baya an manne shi da hotunan Alhaji a ƙarƙashin tutar wata jam'iyya, ba wadda yaran da ke waje suke yi wa ihu ba. Sheƙa zai sauya, bai shirya a sani ba.

"Don Allah, Malam, ka rufa mini asiri."

"Ni sawun mota nake bi, Alhaji. Sawun ɗan siyasa ko kakana bai iya binsa ba. Gobe dai ka zo mini da ita wajen addu'a."

Ɗanmalam kuwa ba ya tasha, tun ranar ya yi ɓatan dabo. Binsa bai yi wuya ba, don tayarsa ɗaya ta baya ta sha faci, tana buga tambari a duk hanyar da ba kwalta. Na hau ɗan acaɓa na bi tambarin har Rurum Tsohon Gari, bayan gidan yayarsa. Ga bas, gefen dama a lotse, ga busasshen jini a ƙarfen gaba. Da Ɗanmalam ya hango ni sai ya nemi haura danga.

"Dawo nan, ɗan nema. Ƙafata ce ta tsufa, ba idona ba. Duk inda ka je zan zo."

Ya dawo yana rantse-rantse tun ban tambaye shi komai ba. Na tsuguna na ɓamɓaro jinin da farce, sai ga gashi fari, gajere, mai kauri. Na kai hanci.

"Ragon wa ka kashe?"

"Na wani Bafulatani ne, Baba. Wallahi shi ya shigo mini. Tsoron sandarsa ne ya sa na gudu."

"Ina ragon?"

Ya kalli ƙasa. Daga cikin gidan ƙamshin suyar nama ne yake fitowa. Fitilunsa biyu kuwa ko tsaga babu. Na ce masa ya nemi mai ragon da ƙafarsa kafin mai ragon ya neme ni, kuma gobe in gan shi da motarsa a wajen addu'a.

* * *

Saura ɗaya, kuma a nan ƙafata ta yi nauyi.

Habu direba mijin 'yata ta fari ne. Wanda ba ɗan ƙasar nan ba sai an yi masa bayani. 'Yar fari ba a kiran sunanta, ba a wasa da ita, ba a nuna wa mutane an damu da ita. Tun ranar da Inna Tani ta miƙo mini ita a cikin zane, sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, ni da uwarta "yarinyar nan" muke cewa. Mijinta kuwa tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa, ya cire takalmi ya durƙusa, in amsa ina kallon wani wuri. Ban taɓa taka ƙofar gidansa ba. In na ga motarsa a tasha sai in sauya hanya, don kada ya ce zai rage mini. To ta yaya zan je in tsuguna a gaban motar surukina ina leƙa mata ido?

Bayan la'asar na tsaya daga tsallaken tasha na hango ta tana lodin Kibiya. Fitilu biyu suna ƙyalli a rana. Na yi ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi, na kama hanyar gida da sauri kamar ana kora ta.

Mairo, matata, ta ajiye mini tuwo ta ƙi tashi.

"Malam, yarinyar nan ta zo ɗazu."

"To."

"Ta ce maigidanta ya daina cin abinci. Ranar jana'iza ma Kano ya tafi ba fasinja, sai bayan magariba ya dawo."

"Direba ne. Ina ruwana da inda ya tafi?"

"Ta ce yau da sassafe kuma ya ɗebi man gyaɗar da take matsewa na sayarwa, ya fita da shi. Ta ce in gaya maka."

"Ita ta ce ki gaya mini?"

"Haka ta ce. Har ta maimaita."

Yarinyar nan ƙuli-ƙuli take yi, manta har daga Kano ake zuwa saye. Tunda take ba ta taɓa aiko mini da saƙo ba, ko na gaisuwa, kunya ba ta bari. Na ce wa kaina mutum yana iya ɗibar mai don kaushin ƙafa, yana iya kai wa wani mai shayi. Na ture tuwon. Na hau Mairo da faɗa a kan gishiri, alhali gishirin lafiyarsa ƙalau.

* * *

Ranar addu'ar uku ƙofar gidan Inna Tani ta cika maƙil. Motocin uku duk sun zo da masu ta'aziyya, ta Alhaji da alamar an sha kankarar hotuna. Sajan Ƙasimu ya yi mini alfarma, ya biyo da Uzairu ta wurin kafin su ɗauki hanyar Kano, ya bar shi a bayan mota da masu gadi. Matasa suka kewaye daga nesa suna zagi ƙasa-ƙasa, wasu da duwatsu a hannu.

Ni ban zauna a tabarma ba. Na zagaya inda aka jera motoci a inuwar darbejiya, kaina a ƙasa, don haka Allah ya yi ni. Sai na ga sawu. Ba na mutum ba ne, ba na dabba ba. Ƙiyashi ne, jajayen nan ƙanana da ke addabar masu ƙuli-ƙuli, sun yi layi siriri kamar zare daga gindin bishiya. Na bi su. Suka wuce motar Alhaji ba su kula ta ba. Suka wuce ta Ɗanmalam. Suka hau tayar gaba ta mota ta uku, suka bi ƙarfe, suka yi cunkus a kewayen fitilar dama. A ta hagu ko ɗaya babu. Na dangwala yatsa na kai hanci. Man gyaɗa ne, sabon shafi, kuma na san hannun da ya matse shi.

Na daɗe a tsaye. Da gefen rigata kawai zan share su in koma tabarma, ba mai gani sai Allah. Daga inda nake ina hango Uzairu, ya ɗaga kai ya ƙi sauke shi ga masu zaginsa. Na ji haushin kaina, na ji haushin Habu, har ƙiyashin ma sai da na ji haushinsu.

Da aka shafa fatiha mai unguwa ya ce, "Malam Ishiyaku, ka ce kana da magana. Yi ta, a wuce da mutumin nan."

Na kira Alhaji, na kira Ɗanmalam, kowa ya tsaya gaban motarsa. "Da kai," na ce, na nuna Habu. Ranar na fara kallonsa ido cikin ido. Ya rame, leɓensa ya bushe.

"Jama'a," na ce, "guntun da aka tsinta a kwandon Inna Tani aikin Uzairu ne, shi da kansa bai musa ba. Motocin nan uku su ne irinta da suka bi ta hannunsa. Ya ce aikinsa ba ya tsoron sabulu. Za mu wanke fitilun nan duka. Wadda ta canza, ba ita ya gyara ba, baƙuwa ce, an sa ta ne a gurbin wadda ta fashe a jikin tsohuwar nan. A kawo mini ruwa da sabulu."

Mai unguwa ba wawa ba ne. Ya ga inda na tsaya, ya ga ƙiyashin. Ya matso daf da ni ya rage murya.

"Ishiyaku, surukinka ne fa. Ka bari mu shiga zaure, manya da manya, a san yadda za a yi."

"Shi wancan da ke bayan mota, a wane zaure aka zauna kafin a fasa masa baki?"

"Za ka rushe wa 'yarka gida a bainar jama'a."

"Ranka ya daɗe, ba ni na tuƙa motar ba. Ruwa na ce."

Ba wanda ya motsa. Mutanen da suka rushe rumfa kafin a dawo daga kai gawa makwancinta, yau buta ɗaya ta gagare su. Habu ɗan majalisarsu ne, da shi ake shan rake a tasha, shi ke kai amarensu kyauta. Na ga duwatsu suna sulalewa daga hannuwa ta bayan riga. Na sake cewa ruwa, shiru. Na ce to madalla, zan tofa yawu in goge da rigata, kuma ba wanda ya isa ya hana ni.

Sai asabarin ƙofar gida ya motsa. Yarinyar nan ce ta fito daga cikin mata, da goyo a bayanta, roba cike da ruwa a hannu ɗaya, sabulu a ɗayan. Ta ratsa tsakiyar maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye a gabana. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli mijinta ba.

Na naɗe hannun riga. Na wanke na Alhaji, na wanke na Ɗanmalam, suka fito garau. Na wanke ta hagun Habu, garau. Da na sa sabulu a ta dama sai kumfar ta mutu, ruwan ya yi maiƙo. Na cuɗa sosai na ɗauraye. Tana jiƙe tana ƙyalli, har wani ya ce, "Ai ga ta nan lafiya."

"Ku jira ta bushe," na ce.

Muka tsaya kowa ya zuba mata ido. Iska ta sha ruwan a hankali, daga sama zuwa ƙasa, rawaya tana biyo shi. Kafin wani ya sake magana yana ta rufe ta ruf, kusa da 'yar'uwarta da ke haske tas.

Habu ya zube a kan gwiwoyinsa. Na kalli gurbin da suka yi a ƙasa, na gane su.

"Gyangyaɗi ne, Baba," in ji shi. "Ƙiftawar ido ɗaya. Da na sauko na ga ita ce. Ita ta karɓi yaron nan da ke goye. Na so in zauna a wurin har a zo a same ni, sai tsoro ya ɗauke ni. Na sayo fitila a Kano, mai kayan ya jiƙa ta da ruwa na ga ta yi kyau, da gari ya waye na ga yadda take. Mai gyara ta kuma..." Ya kalli motar 'yan sanda, ya kasa ƙarasawa.

"Mai gyara ta kuma ka zura ido an kulle shi a madadinka," na ƙarasa masa.

Wasu dangin Inna Tani suka yunƙuro. Na sha gabansu. "Wanda ya taɓa shi, ni zan bi sawunsa har ɗakin uwarsa. Kun daki guda ba gaira ba dalili, ya isa. Wannan na hukuma ne." Sajan Ƙasimu ya zo ya kama hannun Habu ya ɗaga shi, bai yi gardama ba.

Aka sauko da Uzairu. Bai gode wa kowa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tsaya ya dubi matasan nan ɗaya bayan ɗaya da idonsa mai buɗewa.

"Rumfata tana inda kuka bar ta," in ji shi. "Gobe zan tayar da ita in ci gaba da aikina. Wanda ya ɗauki injina ya mayar kafin Baba Ishiyaku ya zo nemansa."

Ya ratsa su ya wuce, suna buɗa masa hanya.

Motar 'yan sanda ta tashi da Habu. Yarinyar nan ta bi ta da ido har ta hau kwalta, sannan ta sunkuya ta ɗauki robarta. Ruwan ya fantsama a zaninta. Tausayinta ya kama ni, na rasa abin da zan ba ta a duniyar nan.

"Allah ya yi miki albarka, Lubabatu," na ce.

A gaban mai unguwa na faɗa, a gaban gari duka. Daga bakin ƙofa na hango Mairo ta toshe baki da mayafi. Lubabatu ta tsaya cak, bayanta gare ni, jaririn yana leƙo ni ta kafaɗarta.

"Baba, ka bari sai wata rana," in ji ta. "Yau ba zan iya cewa amin ba."

Ta juye sauran ruwan a gindin darbejiyar, a kan layin ƙiyashin, ta koma cikin mata.